Cire yaro daga aji ba shi ne karatun gida ba



Akwai wata magana da ta fara yawo a unguwanninmu, daga majalisun bakin titi har cikin guruf-guruf na WhatsApp, kuma mun ga ya kamata mu tanka tun kafin ta yi jijiya. Maganar ita ce, wai gara mutum ya cire yaransa daga makaranta ya riƙa koyar da su a gida. An raɗa wa abin suna mai daɗin ji, wai "karatun gida". Ana turo bidiyon wata Baturiya a Amurka zaune da 'ya'yanta a kan tebur, littattafai jere a bayansu, ana cewa ga inda duniya ta dosa. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun riga sun cire nasu, wasu kuma ƙarshen zango suke jira. Matsayinmu a fili yake: abin da ake yi a yawancin gidajen nan cire yaro daga karatu ne kawai, aka sa masa sabuwar riga don kada maƙwabta su yi tambaya. Ba mu goyon bayansa, kuma za mu faɗi dalilanmu.

Kafin nan, ba za mu raina hankalin kowane uba ko uwa ba. Mun san abin da ya kawo maganar. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin keke daga gida zuwa makaranta ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Makarantun kuɗi sun ƙara farashi, littafi da yunifom sun tashi. An ce mafi ƙanƙantar albashi ya koma naira 70,000 a 2024, to amma mai sayar da dankali ko kayan miya a kasuwar Kugiya wa ya ƙara masa albashi? Ga kuma tsoro. Wanda ya ga Satumban 2001, ya ga Nuwamban 2008, ya ga abin da ya faru a nan Bukuru da Kuru Karama a Janairun 2010, ya san abin da ake nufi da uwa ta fita a guje ba takalmi tana neman ɗanta a hanyar makaranta. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a cikin Jos ya rufta a kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu. A Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, kwana huɗu bayan haka aka kwashi ɗaruruwa a Papiri ta jihar Neja, har gwamnatin Filato ta ba da umarnin rufe makarantu. Wanda ya ce iyaye ba su da abin tsoro, ko dai ba shi da ɗa, ko ba a garin nan yake ba.

To amma ciwo daban, magani daban. Idan kai ya yi ciwo ba a yanke shi.

Mu fara da abin da muka gani da idonmu, domin karatun gida ba baƙonmu ba ne. Mun riga mun gwada shi, gari guda, a lokaci guda. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, yara suka zauna wajen wata shida. Kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: a gidanka an yi karatu nawa a watannin nan? Satin farko an ɗauko littattafai, an yi doka, an ce ƙarfe tara kowa ya zauna. Sati na uku littafin ya koma ƙarƙashin katifa. Muna nan muka ga yaran da ya kamata a ce suna aji sun cika bakin kasuwa da tasha, wasu da farantin talla, wasu suna dako, wasu sun bi manya zuwa ramukan kuza. Da aka buɗe makarantu, malamai sun sha wahalar yaran da suka manta abin da suka iya, kuma akwai waɗanda har yau ba su koma ba. Wannan fa lokacin da iyaye da yawa suna zaune a gida ne saboda dokar kulle. To yanzu da uba ke fita tun asuba, uwa kuma tana shago ko tana fama da girki da goyo, wa zai zauna da yaron?

Za a ce ai za a ɗauko malamin lesin. To mu yi lissafi. Yaro a makaranta yana shiga wajen ƙarfe takwas ya tashi wajen ƙarfe biyu, kwana biyar a mako. Ko an cire lokacin tara da na wasa, ana maganar sa'o'i sama da ashirin na darasi a mako, a hannun malamai daban-daban. Malamin lesin kuwa yakan zo sau uku a mako, ya yi awa ɗaya ko biyu. Idan an yi sa'a bai yi fashi ba, an sami awa shida ke nan. Shi ne malamin lissafi, shi ne na Turanci, shi ne na kimiyya. Babu hedimasta a kansa, babu mai duba abin da ya koyar, ranar da ya sami aiki mai tsoka kuma ya tafi. Idan kuwa ka ce za ka ɗauko ƙwararru uku ko huɗu su riƙa zuwa kullum, kuɗinsu ya ninka kuɗin makarantar da ka gudu. Wanda ya cire ɗansa saboda rashin kuɗi, da me zai biya su? Ba mu ƙi lesin ba. Lesin miya ne, makaranta ce tuwon.

Sai maganar Amurka da ake ta kafa hujja da ita. Gaskiya ne doka ta yarda da koyarwa a gida a dukan jihohinsu 50. Amma kafin korona, yaran da ake koyarwa a gida a can ba su wuce kimanin uku cikin ɗari ba. Sauran duk suna aji. Wanda ya turo maka bidiyon kuma bai gaya maka abin da ke bayan kyamara ba: akasari ɗaya daga cikin iyayen yakan bar aiki ne ɗungurum ya zama malami, ga ɗakin karatu na gwamnati a unguwa, ga wuta da intanet dare da rana. A jiha irin New York, dole iyaye su miƙa wa hukumar ilimi tsarin abin da za su koyar, su kai rahoto sau huɗu a shekara, a kuma auna yaron a ƙarshen shekara. A Afirka ta Kudu dokar makarantu ta 1996 ta ce sai an yi wa yaron rajista da hukuma. Faransa ta tsaurara nata a 2021, yanzu sai da izini da kuma dalili. Jamus kuwa ta hana abin, wanda ya ƙi kai ɗansa makaranta tara ce ke jiransa. Wato ko a ƙasashen da suka fi mu wadata, ba a sakar wa iyaye yaro haka kawai a ce Allah Ya kiyaye. Mu da za a ɗauke wuta mu kwana biyu muna cajin waya a shago, mu ne za mu kwaikwayi hoton mu bar tsarin?

A Najeriya me doka ta ce? Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma kammala, shekara tara ke nan. Ta tanadi hukunci: karon farko gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Mun san wani zai yi dariya ya ce wa aka taɓa kamawa. Mu ma ba da kotu muke tsorata kowa ba. Abin lura shi ne, dokar ba ta buɗe wani ofishi da zai yi wa mai karatu a gida rajista ko ya zo ya duba shi ba. Yaron da ka cire, a idon hukuma sunansa ɗaya ne da na sauran yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda UNICEF ta daɗe tana cewa sun kai miliyan goma da rabi, UNESCO kuma a 2022 ta ce sun kai kusan miliyan 20. Da hannunka ka ƙara ɗanka a cikin lissafin da muke jin kunya idan ana karanta shi a rediyo.

Hukuncin gaske kuwa yana can gaba, ranar da za a nemi takarda. Jarrabawar WAEC da NECO ta 'yan makaranta, ta hannun makaranta mai rajista ake shigarta, tare da makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara a aji. Wanda ba shi da makaranta sai dai ya shiga ta masu zaman kansu, wadda muka fi sani da GCE. Ita ma tambayoyinta daga manhaja ɗaya suke fitowa. Yaron da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ba, yaya zai amsa tambaya a kan abin da bai taɓa gani ba? Sannan ga JAMB, ga sharaɗin kiredit a darussan da ake buƙata kafin Jami'ar Jos ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Barikin Ladi ta dube shi. Ko wajen tantance masu neman aikin ɗan sanda ko na gwamnati, akan tambayi takardar gama firamare. Mun san inda wannan hanya ke ɓullewa. Idan lokaci ya ƙure, uban da ya ce ya cire ɗansa don ya tsare masa tarbiyya, shi ne zai ɗauki kuɗi ya kai wa masu cibiyoyin satar amsa su samo masa sakamako. Tarbiyyar ke nan?

Tun da an ambaci tarbiyya, bari mu tsaya a kanta, don ita ce hujjar da ta fi shiga zuciya. Ana cewa a makaranta yara ke koyon shaye-shaye da rashin kunya. Ba mu musa cewa akwai ɓata-gari a makarantu ba. Amma mu tambayi kanmu, 'yan sara-sukan da suka addabi wasu unguwannin Jos, a aji ake ɗaukarsu ko a lungu? Mai sayar da ƙwaya ya fi samun yaron da ke gaban malami daga takwas zuwa biyu, ko wanda ke zaune a ƙofar gida ba aikin fari ba na baƙi? Yaron da aka bari a ɗaki da waya da sunan yana karatu ta intanet, ka san abin da yake kallo idan ka juya baya? Tarbiyya aikin gida ce tun asali, kuma babu makarantar da ta hana ka yin ta da yamma, da dare, da ƙarshen mako. Islamiyya na nan, makarantar Lahadi na nan. Ba sai an rufe wa yaro ƙofar aji kafin a koya masa gaida manya ba.

Wasu masu ɗan sani kuma sukan ce ai magabata a gida suka yi karatu, su kawo misalin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. To a ba da labarin duka. Shehu ya fara karatu wajen mahaifinsa, wanda shi kansa malami ne, daga nan ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya, har ya je wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta tashi ne a gidan da ya fi makarantu da yawa malamai da littattafai, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta samu ilimin kuma ba ta kulle shi a ɗaki ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana horar da jajis suna bin ƙauyuka suna tara mata suna koya musu. Sunan ma ya isa amsa: taru, wato haɗuwa. Makarantar allo da ta zaure su ma haka suke, yara ne ke taruwa gaban malami. Idan gidanka irin gidan Shehu ne, bismillah. Idan kuwa littafin da ke gidan bai wuce na yaran da za a cire ba, a bar ambaton sunan bayin Allah.

Ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A gidajen da muka san an fara wannan abu, wa aka fara cirewa? Mace. Sai ka ji an ce namijin ya ci gaba da zuwa, ita kuma za a riƙa koya mata a gida. Mun san fassarar wannan magana: wanke-wanke, raino, aike, talla, bayan shekara biyu ko uku a ce ai ta girma. In har karatun gida ya fi na makaranta kamar yadda ake faɗa, me ya sa ba a fara ba wa ɗa namiji wannan gata ba? Mu ne fa muke zuwa asibiti da matanmu muna cewa mun fi son likita mace ko ungozoma ta duba su. Daga ina za ta fito? Daga sama?

A kan tsoro kuma, muna roƙon a auna da hankali. Yawancin manyan sace-sacen ɗalibai da aka yi, daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, a makarantun kwana aka yi su, cikin dare. Wanda ya ce hankalinsa bai kwanta da makarantar kwana mai nisa ba, ya dawo da ɗansa ta jeka-ka-dawo kusa da gida, wannan mun fahimce shi. Idan gari ya rikice ko hukuma ta ce a rufe, kowa ya riƙe nasa a gida har ƙura ta lafa. Wannan ma hankali ne. Amma rufewar sati biyu daban, cirewar har abada daban. Akwai kuma wani haɗari da ba a ganinsa yau sai gobe. Rikice-rikicen da muka sha sun raba mana unguwanni, kowa ya koma cikin nasa. Kasuwa da makaranta ne kusan suka rage inda ɗan Berom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da ɗan Ngas ke zama a benci ɗaya, su ari biro a hannun juna. Yaron da ya tashi bai taɓa yin aboki daga ɗaya ɓangaren ba, duk abin da aka gaya masa a kansu zai yarda. Irin waɗannan yara su ne itacen da masu hura wuta ke nema. Mu da muka binne 'yan uwa, bai kamata mu tara musu itace ba.

Mu kuma tuna asalin garin nan. Kuza ce ta tara mu a Bukuru. Kakannin da yawa daga cikinmu leburori ne da suka zo daga Kano, Katsina, Borno da sauran wurare, wasu kuma a gonakinsu aka haƙa ramukan. Sun ɗauki kwanon ƙasa a ka cikin sanyin nan da muka sani. Da farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, aikin kamfanoni ya durƙushe, abin da aka bar mana shi ne kududdufai masu cin yara. Gidajen da suka miƙe bayan haka, galibi waɗanda suka tura 'ya'yansu makaranta ne. Yau kuzar ta dawo da wata fuska, yara na barin aji suna shiga rami don kuɗin yini, ga shi har gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar a Fabrairun 2025. A gari irin wannan, yaron da aka cire daga makaranta ba ya daɗewa a tebur. Rami na kiransa.

Shin babu wanda ya dace a koyar a gida? Akwai. Yaro mai sikila da sanyin Disamba ke kwantarwa, yaron da ya yi doguwar jinya, yaro mai wata lalura da makarantun kusa ba su da halin kula da shi. Waɗannan uzuri ne, kuma haƙƙinmu ne mu taimaka wa iyayensu. Wanda ba ya cikin waɗannan kuma ya dage, to ya amsa mana tambayoyi kaɗan a gaban mutane. Wane ne malamin, me ya karanta? Awa nawa a rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Ina manhajar, ina littattafan? Wa zai gwada yaron a ƙarshen zango, wanda ba kai ba, ba kuma malamin da kake biya ba? A wace makaranta zai zana jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare? Kuma abin ya shafi maza da mata daidai? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da inda-inda ba, za mu cire masa hula. Wanda ya ce "za dai a san yadda za a yi", to ya sani bai da tsari, fata kawai yake da shi.

Ba kuma za mu ce kada a cire yaro mu yi shiru a kan halin da makarantu ke ciki ba. Makarantun gwamnati da yawa aji ya cika ya batse, kujeru ba su isa ba, ana cewa ilimi kyauta amma kullum da ɗan abin da za a ce a kawo. Wasu makarantun kuɗi kuwa shago ne kawai aka sa wa allo. Amma gyaran ba zai zo daga iyayen da suka juya baya ba. Sau nawa ake kiran taron PTA a ga mutum goma? Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma na SBMC, mu nawa ne muka san 'yan kwamitin makarantar unguwarmu? Bayan abin da ya faru a Busa Buji, uba nawa ne ya je ya dubi bangon ajin ɗansa, ya tambayi mai makaranta takardar izinin gini?

Don haka ga abin da muke kira a yi. Wanda kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinsa, ya mayar da ɗansa ta gwamnati, babu abin kunya a ciki, da yawa daga cikinmu can muka yi. Kafin haka ma ya je ya zauna da mai makaranta a kan biya kashi-kashi. Maƙwabta su haɗa kuɗin keke ɗaya, ko a riƙa karɓa-karɓa wajen raka ƙanana da ƙafa. Masu adashi su ware zubi ɗaya na kuɗin makaranta wanda kwasarsa za ta faɗo a farkon zango. Matasanmu masu NCE da difloma da digiri da ke zaune, su ba unguwa awa biyu da yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya riga ya cire ɗansa, ko yake shirin cirewa, ya nemi ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiya a keɓe. Ba za a ambaci sunan kowa a wannan shafi ko a wajen taro ba. A taronmu na gaba wannan batu ne farko a ajanda, kuma muna son masu ra'ayin karatun gida su zo su kare shi da bakinsu, za a ba su lokaci daidai da kowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin da ka rasa bana kana iya samunsa baɗi, amma yaron da ya kai shekara goma sha biyu bai iya karanta wasiƙa ba, da wuya ya yarda ya koma ya zauna da 'yan shekara bakwai. Ranar da aka koma makaranta, muna so mu ga kowane yaro na unguwar nan da jakarsa a baya, mace da namiji.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da Bukuru da jihar Filato lafiya.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.